Neman kalma: me za mu kira "alien" ɗin da ake cewa sun taɓa DNA ɗinmu?

Mai Fassara: Assalamu alaikum. Gobe da safe zan naɗi shirin kimiyya na minti 10, ga kalmomi biyu sun tsaya mini a maƙogwaro. Batun masu tona DNA ɗin ɗan Adam ne, suna neman shaidar wai wasu halittu daga wajen duniyar nan sun taɓa yi masa gyara. Me zan kira "alien"? Ita kuma taɓawar da ake zargi, katsalandan zan ce? Edita na jiran rubutun kafin ƙarfe 9 na dare, don Allah a taimaka.

Ɗan Jarida: Wa alaikumus salam. Baƙin halittu. Shi muka saba sawa.

Abu Safiyya: A rubuce sai wani ya karanta shi da ma'anar baƙin launi.

Gwaggon Nahawu: Ba zai karanta ba, ɗana. Da launi ake nufi da baƙaƙen halittu za a ce. A tilo ma baƙuwar halitta daban, baƙar halitta daban. Kuma rediyo ne, karin sauti zai raba gardama. Matsalar baƙi ita ce ba ta faɗi daga ina suka zo ba. Kifin da aka ciro daga ƙarƙashin teku ba a taɓa ganin irinsa ba, shi ma baƙuwar halitta ne.

Abu Safiyya: To a ce aljanu mana a huta.

Mai Fassara: A'a Malam, wannan ba zan taɓa shi ba. Aljani yana da ma'anarsa a wurin mai sauraro. Ina faɗa za a ce rediyo ta tabbatar an ga hannun aljanu a jinin mutane.

Tsohon Malami: Kun bar hanya kuna bin daji. Hausa tana da injin ƙera sunan kowace al'umma: Bahaushe, Hausawa, Bature, Turawa. Wanda ya fito daga sama Basame ne, jam'i Samawa, mace Basamiya. Na fi shekara 10 ina kiran a karɓi wannan kalma. Gaɓa uku kacal, ba irin jimlolin nan naku masu tsawon igiyar guga ba.

Ɗan Jarida: Allah gafarta Malam, "Samawa sun zo" fa? Mai sauraro zai tsaya jiran jin abin da ake sama wa wani.

Tsohon Malami: Kunne yana sabawa. Ɗan sama jannati da aka fara faɗa ba dariya aka yi ba? Yau wa ke dariya?

Malamar Bayoloji: Kafin a gama da Basame, 'yar'uwa, kalmarki ta biyu ta fi ba ni tsoro. Katsalandan shiga sharo ba shanu ne, irin na siyasa. Masu wannan da'awa cewa suke an cusa wani abu cikin rubutun halittarmu a ɓoye. Kutse ya fi kusa, yadda ake cewa an yi wa kwamfuta kutse. Amma ko wacce kika ɗauka, kada ki yar da "wai", domin har yau ba a samu ko harafi ɗaya da ya nuna haka ba.

Bari in ba ki abin da suka fi riƙewa. Mutum yana da kuromozom, wato dunƙulen zaren DNA, tagwaye 23, cimpanzi da gwaggon birin nan gorila 24. Sai su ce wa ya ɗinke biyu suka zama ɗaya? Gaskiya ne kuromozom na 2 haɗin biyu ne. A tsakiyarsa ana ganin irin tambarin da ke zama a bakin kowane kuromozom, kamar ka ga ƙullin bakin igiya a tsakiyar igiya, ka san biyu aka haɗa. To amma irin wannan haɗuwa tana aukuwa da kanta. Doki yana da tagwaye 32, dokin dajin Mongoliya 33, ba wanda ya ce baƙi ne suka sauko suka ɗinke na doki. Na biyu, suna nuna cewa ƙasa da kashi 2 cikin 100 na haruffan DNA kusan biliyan 3 ne ke ɗauke da umarnin ƙera furotin, sai su ce saƙo aka ɓoye a sauran. Abin dariyar shi ne akwai kutse na gaske a ciki: kimanin kashi 8 cikin 100 ragowar ƙwayoyin bairos ne da suka shiga jikin kakanni tun fil azal, har ɗaya daga cikinsu jiki ke amfani da shi wajen haɗa mabiyiya. 'Yan kutsen 'yan gida ne.

Mai Fassara: Allah ya saka da alheri Malama, kin rubuta mini rabin shirin. Kutse ya zauna.

Tsohon Malami: "Kutsen Samawa." Ku ji yadda ya zauna a baki! Amma kuromozom, furotin, bairos, DNA... wannan Hausa ce ko Ingilishi da hula? Muna da ƙwayar halitta.

Malamar Bayoloji: Baba, ƙwayar halittar nan mun ɗora mata kaya ya fi ƙarfinta. Tantanin jiki ita, DNA ita, kuromozom ita, abin da ake gado daga iyaye ita. Gwada faɗar cewa na biyu yana cikin na uku, na uku yana cikin na farko, da wannan kalma ɗaya tak.

Gwaggon Nahawu: Kuma Malam, halitta daga Larabci ta zo, haka duniya, haka alama. Saman da ka gina Basame a kanta ma ka duba sama'u. In aro laifi ne, kai ma da kayan aro a jikinka.

Tsohon Malami: Aron da ya shekara ɗaruruwa ya zama ɗan gida, Hajiya. Ku kuwa kunyar harshenku kuke ji, kuna ganin sai da Turanci kimiyya ke tsayuwa.

Ɗan Jarida: Ba kunya ba ce. Kowa ya san gwajin DNA daga labaran shari'ar gano mahaifin yaro. Kalmar ta riga ta shiga gari, ba mu muka buɗe mata ƙofa ba.

Abu Safiyya: Ni tambayata, masu hankali sun taɓa ɗaukar zancen nan da gaske kuwa?

Malamar Bayoloji: Wani ɓangarensa. A 1973 Francis Crick, wanda shi da Watson suka bayyana siffar DNA a 1953, ya rubuta tare da Leslie Orgel cewa mai yiwuwa da gangan aka aiko ƙananan halittu duniyar nan daga wani wuri. Hasashe suka kira shi, kuma kan asalin rai suke magana, ba gyaran mutum ba. Tatsuniyar gyaran mutum Zecharia Sitchin ne ya yaɗa ta tun 1976 da labarin Anunnaki, allolin tsohuwar ƙasar Sumer da ke Iraƙi ta yau, masana rubutun Sumer kuma sun ce fassararsa ba ta da tushe. Inda aka gwada da gaske kuwa, ga 'yar ƙwarangwal ɗin nan ta hamadar Atakama a Chile, mai tsawon santimita 15, da aka yi ta yayata cewa ba mutum ba ce. Sakamakon da aka wallafa a 2018 ya nuna jaririya ce 'yar Adam.

Mai Fassara: Takwas da rabi ta wuce. Ga abin da zan tura: "masu neman alamun wai halittun wata duniya sun yi kutse a DNA ɗin ɗan Adam". A ambato na biyu sai in taƙaita da "baƙin".

Gwaggon Nahawu: Wata duniya na iya kai wani lahira. Ki ce "wata duniyar daban" a karon farko.

Mai Fassara: Na gyara, Gwaggo.

Tsohon Malami: Kalma huɗu a wurin ɗaya. Ba komai. Ki dai ce "waɗanda wasu ke kira Samawa", ko sau ɗaya.

Ɗan Jarida: Wasu su wa, Malam?

Tsohon Malami: Ni da ɗalibaina.

Mai Fassara: Zan gwada wa edita, Baba, amma ban yi alkawari ba. Kuromozom fa, ba wanda ya kawo komai? A haka zai tafi ke nan.