Ƙura ta shiga cikin lensina, in kai a kwance ko in bari?

Mai tambaya, Jekadafari: Assalamu alaikum manyanmu. Da daminar nan na sayi lensin kyamara Canon 24-105mm na hannu, mai jan zoben nan, da kuɗin da na daɗe ina tarawa. Tun shigowar hunturu nake yawon biki da shi a kan babur, har Kumo da Bajoga. Jiya na haska shi da tocila, sai ga ƙura birjik a bayan gilashin gaba, ta ciki, inda ƙyalle ba ya kaiwa. Kuma hotunan kamun da na ɗauka a fili duk akwai ɗigo uku baƙi-baƙi a sararin sama. Wani mai gyaran waya ya ce in kawo ya kwance ya wanke. Wallahi ko barcin kirki ban yi ba. Ba cewa aka yi irin wannan a rufe yake ba?

Baba mai situdiyo, Tudun Wada: Wa alaikumus salam. Ɗana, kada ka kai masa. Gilasan ciki an jera su ne a kan ma'auni, ɗaya ya goce da ƙiris sai ka ga gefen hoto ɗaya ya fito garau, ɗayan dishi-dishi. Ɗauki lensin ka murɗa daga 24 zuwa 105, za ka ga hancinsa ya miƙo. Wurin da ya buɗe a ciki dole iska ta cike shi, in ka mayar kuma ta fita, kamar zugazugin maƙeri. To iskar Gombe a watan Janairu ai ka san abin da take ɗauke da shi. Robar da aka sa masa tana rage ƙura da yayyafi ne kawai. Da za a toshe shi ruf, da zum ɗin ma ba zai murɗu ba. Tsohon 100-400mm na Canon, wanda ake turawa a jawo, har laƙabin famfon ƙura masu hoto suka yi masa, kuma da suka fito da sabonsa a 2014 na murɗawa suka yi.

Mai bidiyo, Pantami: Gaskiyar Baba ce, amma ɗigon nan naka ba na jin daga lensi yake. Ƙurar da ke can gaba ta yi nisa da inda hoto ke haɗuwa, narkewa take yi ba a ganinta. Wadda ke fitowa ƙarara ita ce ta kan sensa, wato ɗan allon cikin kyamara da hoto ke sauka a kai. Gwada ka gani: sa f/22, wato ka ƙuntata ƙofar hasken lensin, ɗauki farin bango, sannan canza lensi ka sake ɗauka. In ɗigon bai gusa daga inda yake ba, sensa ce.

Hajiya mai hoton amare, Bolari: Ni kam shi ya sa ranar hawan sallah, in dawakai suka tayar da ƙura a ƙofar fada, lensin 70-200mm nake ɗaurawa. Zum ɗinsa da fokas duk a ciki suke motsi, tsawonsa ba ya canzawa, saboda haka ba ya shaƙar iska kamar naku. Sai dai nauyi da tsada, kuma shi ma in ka haska za ka ga 'yar ƙura. Ƙanena, sayi filta, wato gilashin kariya, mai faɗin 77mm ka ɗaura a gaban lensin, ka daina rataya kyamara a wuya kana kan babur. Sa ta a leda, sannan a jaka.

Baba mai situdiyo: Hajiya ta tuna min. A riƙa bambancewa, zum daban, fokas daban. Naka fokas ɗinsa na ciki ne, hancin ba ya motsi sai wajen zum. Ƙaramin 50mm f/1.8 kuwa ba shi da zum, amma gabansa na fita yana komawa in yana neman fokas. Kafin ka mayar da hancin, share jikinsa da burushi mai laushi, don ƙurar da ta kwanta a kai ita yake ja ciki. Abin da zai sa in ce ka nemi mai gyaran kyamara na gaske shi ne in ka ga zare-zare kamar saƙar gizo, ko gilashin ya yi hazo. Wannan fumfuna ce, tana cin rufin gilashi, kuma danshin damina ke kawo ta.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri, Baba. Na gwada yadda Yaya na Pantami ya ce, da lensi biyu, ɗigon na nan a wuri ɗaya. Na kifa kyamarar na hura mata iska da robar hurawa, biyu sun tafi, ɗaya ya maƙale a kusurwar sama. Ranar Asabar ina da ɗaurin aure a Dukku. Yaya, in na zo Pantami gobe bayan la'asar za ka nuna min yadda ake goge sensar?

Mai bidiyo: Zo. Ka cika batirinka tukuna, don in ya mutu ana cikin aiki labulen da ke gaban sensar zai iya rufowa a kan sandar gogewa.