Gilashin mota ya ƙi ɗagawa: me za a fara dubawa?

Baban Hafsa: Assalamu alaikum, jama'ar zaure. Gilashin ƙofar baya ta hannun dama na motata ya sauka rabi tun ranar Talata, ya kuma ƙi ɗagawa, ga shi muna tsakiyar hunturu, ƙura sai shiga take yi. Kafin ya tsaya cak, ya yi kusan wata guda yana hawa a hankali. Wani makanike ya ce in sayi sabon injin gilashi kawai, amma ba na so in kashe kuɗi alhali ba a tabbatar da inda ciwon yake ba.

Usta Mai Rewaya: Wa alaikumus salam. Alhaji, ka yi daidai da ba ka yi gaggawa ba. Ka fara duba maɓallin kulle gilasai da ke ƙofar direba, domin sau da yawa ana kawo mini mota a kan wannan, in danna shi sau ɗaya aiki ya ƙare. Sannan ka gwada sauran gilasan. Idan duka huɗun suka mutu lokaci guda, a fis (mai katse wuta idan ta yi yawa) ko rile (mai jona wutar) ake fara zargi, amma idan guda ɗaya ne, zargin yana komawa kan ƙofar kanta, ko da yake akwai motocin da kowane gilashi ke da nasa fis ɗin. Ga gwajin da ba ya cin ko sisi: ka murɗa makulli ba tare da ka tayar da inji ba, ka kunna fitilar cikin mota, ka danna maɓallin gilashin kana kallon fitilar. Idan haskenta ya ɗan dushe, wuta tana isa injin gilashin amma ya kasa juyawa. Idan ko gezau bai yi ba, wutar ce ba ta isa.

Baban Hafsa: Na gwada, Usta. Sauran ukun lafiya lau suke, maɓallin kulle a buɗe yake, kuma fitilar tana dushewa ko daga ƙofar direba na danna ko daga ƙofar bayan.

Maman Sadik: Baban Hafsa, wannan hawan a hankali da ka ambata shi ya ja hankalina, domin haka tawa ta yi bara. Ƙurar hunturu ce ta taru a cikin robar da gilashin ke bi, robar ta bushe ta riƙe shi. An goge hanyar da tsumma mai ɗanshi, aka fesa feshin silikon, sai ya koma kamar sabo. Ina dai jan kunne kada a zuba baƙin mai ko giris, saboda suna lalata roba, suna kuma ƙara kama ƙura.

Malam Injiniya: Hajiya ta yi gaskiya, zan ƙara da cewa feshin na roba ne kaɗai, kada ya kusanci maɓalli. A watan Oktoba na 2012 kamfanin Toyota ya yi kiranyen motoci sama da miliyan 7 a duniya saboda babban maɓallin gilashi na ƙofar direba, ya kuma yi gargaɗin cewa fesa masa man da ake sayarwa a kasuwa na iya sa shi narkewa har ya kai ga gobara. Game da motar Alhaji kuwa, kada a manta da wayoyin da ke bi ta cikin robar nan mai lanƙwasa tsakanin ƙofa da jikin mota, waɗanda yawan buɗewa da rufewa ke karya su daga ciki.

Usta Mai Rewaya: Injiniya, ranka ya daɗe, da wayar ta katse gaba ɗaya, fitilar ba za ta dushe ba, shi ya sa ban sa ta a gaba ba. Ni kabon ɗin injin gilashin nake zargi, wato 'yan guntayen da ke kai wuta ga ɓangaren da ke juyawa, ko igiyar ƙarfen da ke jan gilashin ta warware ta cushe. Alhaji, ka sa yaro ya riƙe maɓallin sama, kai kuma ka bubbuga jikin ƙofar da tafin hannu daga ciki. Idan gilashin ya motsa, injin ne ya gaji, kuma ka samu damar rufe shi kafin gyara. Kada a daɗe ana danne da maɓallin, domin injin zai yi zafi ya katse wutar kansa sai ya huce. In an buɗe ƙofar, ka tsaya sai an auna da mita an ga volt 12 a bakin injin, kuma a ɗaure gilashin da salatif kafin a kwance ko noti ɗaya, don kada ya faɗa cikin ƙofa ya fashe.

Alhaji Direban Haya: In har ta kai ga saye, ni ɗan Beljiyom (na hannu daga waje) nake ɗauka a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, ko Panteka idan ina Kaduna, amma ba na biya sai an jona shi da batir a gabana, ya juya gaba, an sauya wayoyin ya juya baya. A tafi da tsohon a hannu, domin na dama da na hagu ba ɗaya ba ne.

Baban Hafsa: Allah ya saka wa kowa da alheri. Na bubbuga ƙofar kamar yadda Usta ya ce, a bugu na uku gilashin ya haura ya rufe. Na danna maɓallin kulle don kada yara su sake sauke shi, ranar Asabar kuma zan kai ta a buɗe ƙofar a duba kabon da igiyar tare.