Shin kotun ƙarar gwamnati za ta iya aiki da ƙirƙirarriyar basira?

Malamin Firamare: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da ƙara a kotun da ke sauraron ƙorafin ma'aikata a kan hukuma, nan Nijar, saboda ƙarin girma da aka danne mini. Duk zuwan da na yi, dosiyena na nan cikin kwali ɗaure da igiya a ofishin magatakarda, ƙura ta mayar da shi ja. Ɗana ya ce a Turai na'ura ke taya alƙalai karatun takardu. Da za a kawo ta nan, ba za ta rage mana wannan jiran ba?

Lauyan Zinder: Wa alaikumus salam Malam. Faransa da muka gaji tsarin kotunan nan daga gare ta, ba da na'ura mai tunani ta fara ba. Sai da ta tilasta wa lauyoyi shigar da ƙara ta intanet, ta wani shafi mai suna Télérecours, a 2017, sannan ta riƙa sakin hukunce-hukunce ga kowa. Na'urar da tsoffin hukunce-hukunce take koyo. Namu kuwa suna cikin kwali irin naka, wa zai karanta mata? A fara da wuta tsayayya da mai ɗaukar hoton takardu tukuna.

Hajiya Mai Lissafi: Ni tsorona ƙaryarta. A 2023 wata kotun Niyok, a Amurka, ta ci tarar lauyoyi dala 5,000 don sun kawo shari'o'in da ChatGPT, wani nau'in ƙirƙirarriyar basira, ya ƙaga, babu su a duniya. Kuma da ƙarfin gwiwa yake zayyano su.

Lauyan Zinder: Gaskiya ne Hajiya, amma wannan ana kama shi in aka bincika. Abin da ya fi damuna, Malam hukuma yake ƙara. In gwamnati ce ta sayo na'urar, ita ta zuba mata bayanai, ai kura ce aka ba ajiyar nama. Shi ya sa dokar Tarayyar Turai ta 2024 ta sa irin wannan na'ura cikin masu babban haɗari. Ta tace takardu, ta tuna wa'adi, na yarda. Dalilin hukunci kuwa alƙali ya rubuta da hannunsa, don in ka ɗaukaka ƙara a san wanda za a tuhuma.

Malamin Firamare: Na gode lauya. To ni ko tuna wa'adin nan kaɗai a ba ta, ranar Litinin ma zan koma in ji ko an kwance igiyar.