Katantanwar da bakinta ke hagu: lalacewa ce ko iri ne?

Ɗalibar jiyoloji: Assalamu alaikum jama'a. Yayana ya kawo mini wata tsohuwar katantanwar dodon koɗin teku daga Fulorida ta Amurka, an ce a ramin haƙar yashi aka tono ta. Fara ce sol, sama da faɗi ƙasa a tsuke kamar mazurari, bakinta dogo ne siriri. Matsalar ita ce duk hotunan Conus, wato dangin katantanwa masu wannan siffa, da nake gani bakin yana dama, tawa kuwa yana hagu. Nakasa ce? Kuma da me zan wanke ta? Ina so in kai ta ajinmu.

Wani ɗan'uwa: Wa alaikumus salam. Ko dai kyamarar gaba kika yi amfani da ita? Tana juya hoto.

Ɗalibar jiyoloji: A hannuna take yanzu haka, ba hoto ba.

Malamin kimiyyar ƙasa: Ƙanwata, tsayar da ita, tsinin murɗin yana sama, bakin yana kallonki. In har yanzu a hagu yake, to kin yi sa'a, da alama Conus adversarius ce. Wani masanin kimiyya, Timothy Conrad, ne ya ba ta suna a 1840. Irin ya ƙare tuntuni, amma ana samun katantanwarsa da yawa a kudu maso gabashin Amurka, musamman wajen Sarasota a Fulorida, cikin yashin da ya kai shekara miliyan 3. Dangin Conus kusan duka dama suke murɗawa, wannan kuwa hagu ce halittarsa. Ki duba kafaɗar, wato inda ta fi faɗi, sannan ki shafa can ƙasa wajen tsukewar, za ki ji ƙananan layuka masu zagaye. Leɓen bakin ne ya fi saurin karyewa, kada ki riƙe ta nan.

Wata 'yar'uwa: Don Allah kada ki sa mata lemon tsami ko binega, cinye ta za su yi. Ruwa da tsohon buroshin haƙori sun isa.

Malamin kimiyyar ƙasa: Haka ne. Farin nan ma kada ya ruɗe ki. Wani masani, Jonathan Hendricks, ya haska irin waɗannan katantanwu na Jamhuriyar Dominika da fitilar UV, irin ta duba jabun kuɗi, a binciken da ya wallafa a 2015, zanen jikinsu ya bayyana. Gwada fitilar duba jabun kuɗi a ɗaki mai duhu. Wani lokaci ɗigo-ɗigo na fitowa, wani lokacin babu komai.

Wani ɗan'uwa: Ba ta da dafi dai ko?

Malamin kimiyyar ƙasa: Masu rai ne ke harbi, wani irinsu mai suna Conus geographus har kisa yake yi. Wannan ɓawo ne kawai. Ki tambayi yayanki sunan ainihin wurin da aka samo ta, ki rubuta a takarda ki ajiye tare da ita cikin auduga.