Agaji don Allah: ya za a ce base camp da summit push da Hausa? Gobe zan naɗi shiri

Ƴar Rediyo: Assalamu alaikum jama'a. Gobe ƙarfe tara za mu naɗi shiri kan mutanen nan masu biyan kamfani ya hau da su dutsen Everest, a haɗa su ayari guda a ba su masu jagora da tukwanen oksijin, tafiyar kusan wata biyu. Da Turanci aka miƙo min rubutun, kuma kalmomi huɗu sun tsaya min a wuya: base camp, acclimatization, death zone da summit push. Na ƙarshen na saka a na'urar fassara ta ba ni "tura taron ƙoli", wallahi sai da na ajiye wayar na yi dariya. A taimaka kafin dare.

Jikan Fatake: Wa alaikumus salam. Ƙanwata ai wannan aikin fatake sun gama mana shi tuntuni. Zango. Base camp ki ce babban zango, yana mita 5,364 ta ɓangaren Nepal, a samansa akwai guda huɗu, zango na ɗaya har zuwa na huɗu wanda yake dab da mita 8,000. Shugaban tafiyar madugu, tawagar ayari, shikenan.

Malam Nahawu: Zango wurin da aka kwana aka tashi ne, ba a waiwayarsa. Shi ko wannan makonni ake yi a cikinsa, akwai tantin girki da na likita, a hau sama a dawo masa, a sake hawa a sake dawowa. Sansani kenan. Na saman su ne zango, nan na yarda.

Jikan Fatake: Malam sansani na ji sai sojoji ko ƴan gudun hijira su faɗo min a rai. Amma to, a raba, ka ɗau na ƙasa na ɗau na sama.

Ƴar Rediyo: Madalla. Sansanin gindin dutse kenan?

Likitan Dare: Kar ki ce gindi, mai sauraro zai zaci fili ne mota ke ajiye mutum. Daga Lukla inda jirgi ke sauke su sai sun yi sama da mako suna tafiya a ƙafa kafin su isa, kuma wajen ya fi kowane dutse na yammacin Turai bisa. Babban sansani ya isa. Ita kuma acclimatization ga abin da take nufi don masu ƙirƙira su san me suke ƙirƙira wa: a can ƙololuwa, mita 8,849, numfashi ɗaya yana ba ka kusan kashi ɗaya cikin uku ne na oksijin ɗin da za ka samu a bakin teku, in aka ɗauke ka yanzu aka dire a can mintuna kaɗan za ka suma. Shi ya sa suke hawa zango na ɗaya da na biyu su kwana su sauko su huta su koma, jiki na ƙara jajayen ƙwayoyin jini a hankali. Wanda ya yi gaggawa ruwa ya taru masa a huhu ko ƙwaƙwalwa ta kumbura.

Sarkin Ƙirƙira: Na samo! SABON-SAMA. Daga sabo, wato jiki ya saba da sama. Gajere ne, yana da daɗin faɗa, "sun yi mako uku suna sabon-sama". Hajiya ki saka shi gobe, nan da shekara biyar yana cikin ƙamus.

Malam Nahawu: Duk wanda ya gani a rubuce sabuwar sama zai fara kawowa. Masu rubutu ba ƙugiya kuma za su mayar maka da shi saɓon sama, ka jawo wa baiwar Allah wa'azi a layin waya.

Sarkin Ƙirƙira: Ai a rediyo za a faɗa Malam, karin sauti zai raba. Kuma wannan tsoron ne ya hana mu ci gaba, duk wanda ya kawo sabuwar kalma sai a taru a kansa, amma da Bature ne ya ƙirƙiro da tuni kun haddace. Jirgin sama ma ranar da aka fara faɗa na tabbata akwai wanda ya ce jirgi ai na ruwa ne.

Baba Tsantsa: Ni abin da ya dame ni daban ne. Tun sama nake ganin oksijin oksijin, har da likita. Hausa ta mutu ne? Iskar shaƙa fa? Ku yara kuna neman Hausar kalma huɗu kun bar ta biyar ta shige ta taga.

Likitan Dare: Baba ranka ya daɗe, duk iska shaƙarta ake yi, a saman dutsen ma akwai iska har tana neman ɗauke tanti, abin da ya yi ƙaranci shi ne wanda jini ke buƙata. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba in aka ce an sa wa jikanta oksijin ta san abin ya yi tsanani. Kalmar ta zama tamu kamar asibiti da allura.

Baba Tsantsa: Allura daga Larabci take, kar ka haɗa.

Jikan Fatake: To Baba aro dai aro ne ko daga gabas ko daga yamma 😂

Ƴar Rediyo: Don girman Allah a dawo, ƙarfe goma ta wuce. Ga wata ma, Sherpa na rubuta ƴan dako, ya yi?

Likitan Dare: A'a a'a, goge. Sherpa sunan ƙabila ce ta mutanen tsaunukan Nepal, ba sunan sana'a ba. Masu dakon kaya zuwa sansani daban ne. Waɗannan su ke ɗaura igiya tun daga ƙasa har ƙololuwa, su kafa tantuna, su kai tukwanen oksijin sama, su shimfiɗa tsani a kan ramukan ƙanƙarar Khumbu da ke saman babban sansani, inda a 2014 ƙanƙara ta rufto ta kashe ma'aikata ƴan Nepal 16 a safiya ɗaya. Tenzing Norgay, ɗan Sherpa, da Edmund Hillary tare suka fara kaiwa ƙololuwa a 29 ga Mayu 1953. Kami Rita Sherpa zuwa 2025 sau 31 ya taka ƙololuwar. A ce masa ɗan dako, shi kuma baƙon da aka riƙe wa hannu a ce masa gwarzo? Ki ce jagororin Sherpa.

Jikan Fatake: Ainihin kalmar ma jagaba ce, mai shiga gaban ayari ya duba hanya, madugu kuma shi ne wanda sau da yawa yana sansani da oba-oba a hannu yana duba yanayi yana cewa ku tafi ko ku juyo. Amma siyasa ta cinye jagaba, kina faɗa hankalin mutane ya bar Nepal.

Sarkin Ƙirƙira: Death zone kuma yankin ajali. Kuma har yanzu ina kan sabon-sama.

Malam Nahawu: Ajali ba shi da yanki, kan katifa ma yana samun mutum. Abin da ake nufi shi ne sama da mita 8,000 jiki ba ya iya sabawa kuma, lalacewa yake yi a hankali ko kana kwance. Yankin halaka ya fi, ko ki faɗi yankin mutuwa yadda suka ce ki ƙara da "kamar yadda mahaya ke kiransa".

Jikan Fatake: Summit push: hawan ƙarshe.

Ƴar Rediyo: Yaya wannan kamar sanarwar rasuwa fa.

Likitan Dare: Kuma ba ƙarshe ba ne, nan ne ma kuskuren. Daga zango na huɗu cikin dare suke tashi da fitila a goshi don su isa da safe, a ƴan kwanakin Mayu da guguwar sama ke lafawa, kuma ana yanka musu lokaci, galibi wajen ƙarfe biyu na rana, in ba ka kai ba ka juyo ko kana hangen wajen. A Mayun 1996 wasu sun wuce lokacin, guguwa ta riske su a hanyar saukowa, mutum takwas suka rasu. Ka ga mutum ya biya dala 15,000 kuɗin izini kawai ban da na kamfani, a ce ya juya saura ƙiris, ai sai madugu mai tsauri. Kalmar ta nuna gwadawa ake yi, ba tabbas. Yunƙurin kaiwa ƙololuwa.

Sarkin Ƙirƙira: Kalma uku a madadin biyu, an ci mu kenan. Ɗarewa fa? "Daren ɗarewa".

Baba Tsantsa: Tsololuwa muka tashi muka ji, ba ƙololuwa ba.

Malam Nahawu: Duka biyun Hausa ne Baba, kar a buɗe wannan yanzu.

Ƴar Rediyo: To ga abin da na rubuta: babban sansani, zango na ɗaya zuwa na huɗu, madugu, jagororin Sherpa, yankin mutuwa da bayanin Malam, yunƙurin kaiwa ƙololuwa. Acclimatization na sa "sabar wa jiki da ƙarancin iska", dogo ne na sani amma ba wanda zai kira ya tambaya. Oksijin ya zauna, Baba a yi haƙuri. Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci.

Baba Tsantsa: Shirinki ne. Ni dai ban sa hannu ba.

Sarkin Ƙirƙira: Ko sau ɗaya ki jefa sabon-sama a tsakiya mu ji ya zai fito a iska.

Ƴar Rediyo: In edita ya fita shan shayi zan gwada. Wai avalanche fa? Yanzu na ganta a shafi na uku.