Wace manhaja mai buɗaɗɗen tushe ce ta dace da dandalin ƙungiyarmu?

Mai tambaya

Assalamu alaikum. Ƙungiyarmu ta tsofaffin ɗalibai ta ɗora mini nauyin samar mata da dandali a intanet, inda membobi za su yi rajista, su karanta sanarwa, su tattauna, a kuma ajiye takardun taro. A yanzu komai a WhatsApp muke yin sa, kuma a watan jiya na shafe kusan awa guda ina ja da saƙonni sama kafin na gano rahoton ma'aji. Muna son manhaja mai buɗaɗɗen tushe, wato wadda kowa zai iya duba yadda aka rubuta ta ya kuma gyara, domin bayananmu su kasance a hannunmu. Na tsaya a kan WordPress da Drupal da Discourse. Mu biyu ne za mu kula da aikin, kuma babu gwanin rubuta manhaja a cikinmu. Wacce kuke ganin ta fi dacewa?

Amsa ta farko

Wa alaikumus salam, Malam. Jimlarka ta kusa da ƙarshe ita ce ta fi muhimmanci, domin kafa dandali aikin mako guda ne, amma kula da shi aikin shekaru ne. Da mutum biyu 'yan sa kai, ni WordPress zan zaɓa. Tun 2003 take, an rubuta ta da harshen kwamfuta na PHP, kusan duk kamfanin da ke ba da hayar sabar (kwamfutar da dandali ke zama a kanta) yana ɗaukarta, kuma idan kun maƙale ba za ku rasa mai warware muku ba. Cikin ƙananan manhajojin da ake ƙara mata, BuddyPress zai ba ku shafukan membobi da rukunoni, bbPress kuma ya ba ku zauren tattaunawa.

Sai dai ina roƙonka ka yi hattara da ƙananan manhajojin da ake liƙa mata. Na taɓa kula da wani dandali da na cika da su, har ɗaya daga ciki, ta kalandar taro, mai ita ya daina sabunta ta ban sani ba. Wata safiya na buɗe shafin farko na tarar da tallar magunguna a ƙarƙashin jawabin shugabanmu. Da na koma ga kwafin ajiyar da nake taƙama da shi, sai na ga hotuna ne kawai a ciki, babu rumbun bayanan. Kafin ka liƙa kowace irinta, ka duba ranar da aka sabunta ta a ƙarshe, kuma ka gwada maido da kwafin ajiyarka tun babu abin da ya lalace.

Amsa ta biyu

Ina da ɗan saɓani da ɗan'uwana. Idan tattaunawa ce ginshiƙin abin, Discourse ta fi, domin don haka aka gina ta tun fitowarta a 2013, kuma tana buɗewa da kyau a waya. Tana da matakan amincewa daga 0 zuwa 4: sabon shiga ba ya iya zuba mahaɗai da hotuna barkatai, sai ya ɗan jima yana karatu kafin a sakar masa mara, wanda hakan yana rage wa masu sa ido wahala ƙwarai. Nauyinta shi ne ba ta zama a ƙaramar hayar da ake raba sabar ɗaya tsakanin mutane da yawa. Tana buƙatar sabar ta kanta mai Docker (manhajar da ake ɗora ta a ciki), da ƙwaƙwalwar aiki gigabait 1 aƙalla, kodayake 2 ya fi kwanciyar hankali, sannan sai an haɗa ta da hanyar aika imel mai inganci, in ba haka ba saƙon tabbatar da rajista ba zai isa ga kowa ba.

Amsa ta uku

Drupal ta fi su duka iya tsara wanda zai ga me da wanda zai gyara me, amma koyonta yana cin lokaci. An daina tallafa wa Drupal 7 a Janairun 2025, kuma da yawa daga masu ita sun ga cewa ƙaura zuwa sabbin nau'o'in tamkar sake gini ne daga tushe. Ban ba ku shawarar ta ba.

Kowacce kuka ɗauka, ku fara kafa ta gwaji. Ku rubuta «ƙungiya» da «ɗalibai» ku ga ko haruffa masu lanƙwasa sun fito daidai, sannan ku nemi «kungiya» a akwatin bincike, tunda haka yawancin membobi za su rubuta. Ku kuma tabbatar kuna iya fitar da duk bayananku idan wata rana kuka so sauya manhaja.

Mai tambaya

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na yi magana da abokin aikina, mun amince mu kafa WordPress da Discourse na gwaji, mu gayyaci membobi goma su yi amfani da su na mako biyu, ciki har da dattawanmu da waya kaɗai suke da ita. Malam mai amsa ta biyu, ko za ka yi mana bayanin yadda ake haɗa hanyar imel ɗin?