Itace a ƙaramar gona: riba ce ko cin fili?

Muhawarar ta tashi ne a zauren manoman Gombe, bayan wani ya ce mai hekta ɗaya da ya dasa itace a gonarsa ya rage wa iyalinsa tuwo.

Manomin dawa, Kumo: Ni ina kan wannan magana. A dasa mangwaro tazarar mita 10, hekta ta ɗauki 100. Mangwaro mai aure sai shekara 3 zuwa 4 zai fara 'ya'ya. Kafin nan, kowane dashe yana son jarka ɗaya ta lita 20 sau biyu a mako duk rani, wato lita 4,000 a mako. Wa zai ɗauko? Ga gara, ga awaki da ake saki bayan girbi. In ya girma kuma inuwa ta rufe dawar.

Malamin gona, Dadin Kowa: Baba, lissafinka daidai ne, amma wannan lambu ka lissafa. Mai hekta ɗaya iyakar gona zai bi. Kewayenta mita 400 ne, itace 40 kenan, tsakiya ta zauna wa garmar shanu. Rami ƙafa biyu faɗi da zurfi, a haɗa ƙasar sama da ruɓaɓɓen taki. Ɗanyen taki shi ke kiran gara. A dasa a Yuli bayan ruwa ya zauna, a kewaye da ƙaya. Itacen turare dai kada ya matso gona, yana shanye laima.

Mai daddawa, Billiri: Malam, kun manta da ɗorawa da kaɗanya. Kalwa da man kaɗe su ne kuɗin cefanen mata lokacin da rumbu ya yi ƙasa.

Manomin dawa, Kumo: Hajiya, kaɗanya fa sai ta kai shekara 15 ko fiye kafin ta haihu. Ki kuma leƙa gindin ɗorawa da kaka, zangarniyar da ke wurin ba ta kai rabin ta fili. Wadda aka gada a bar ta, na yarda.

Mai nazarin gandun daji, Dukku: Duk kun tafi kan dashe, alhali mafi arha shi ne renon kututturen da ake sarewa duk shekara wajen sharar gona. Saiwarsa ta riga ta yi nisa, ba ya son ban ruwa. A zaɓi tofo 2 zuwa 5 masu ƙarfi, a cire sauran, a datse rassan ƙasa zuwa rabin tsayi da lauje mai kaifi, ana yanka daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya tsage. Da wannan manoman Maraɗi da Damagaram suka dawo da itatuwa a kan hekta kusan miliyan 5 tun daga shekarun 1980. Gawo kuwa yana zubar da ganye da damina, babu inuwar da za ta danne gero, ganyen ya zama taki, 'ya'yansa abincin tumaki da rani.

Malamin gona, Dadin Kowa: Inda Baba ya fi mu gaskiya shi ne gonar aro da ta haya. Mai gona ba zai bari ka dasa ba, don itace alamar mallaka ce.

Manomin dawa, Kumo: To, a nan da yawa haya suke yi. Gawon ma, in makiyayi ya sassare rassansa a Maris, wa za ka kai wa ƙara?